Bakin Clorinda, Muryar Velia

A unguwarmu ta San Lorenzo, nan cikin birnin Rum, babu wanda bai san Sora Clorinda Sciarretta ba, wato Uwargida Clorinda a bakinmu. A sauran ƙasar kuwa fuskarta aka sani, sunan ko oho. Ka ambace shi a ce maka wace ce kuma haka. Sai ka ce, "Haba, matar nan mai hanci, wadda ta kwaɗa wa lauya ɗanyen kifi a fuska." Nan take a ce, "Au, ita!" a kwashe da dariya. Fim tamanin da shida ta fito a ciki, kuma iyakar abin da ta tsira da shi ke nan.

Tana 'yar shekara goma sha biyar ta gangaro daga wani ƙauye na kan duwatsun Molise ta shiga aikatau a gidan wani mai kantin magani. Can ta haɗu da Oreste, ma'aikacin jirgin ƙasa, dogo mai bakin barkwanci, suka yi aure. Ranar da jirage suka yi wa unguwar nan ruwan bama-bamai a lokacin yaƙi, an tono shi daga ƙarƙashin gini da ransa, amma idanun sun tafi. Shi ya koyi saƙar mazaunin kujera, ita ta kafa tebur a kasuwa tana sayar da ganye da albasa. Haihuwa Allah bai kawo ba. Su biyu ne a ɗaki biyu, a hawa na huɗu.

A kasuwar aka tsince ta. Wani mai kifi ya watsa mata ruwan ƙarni a kan ganye, ta ɗora hannu a ƙugu ta wanke shi tas tun daga kakanninsa, har sai da ya ɓuya a bayan teburinsa. Wani mutum mai baƙin tabarau yana tsaye yana kallo, yana dariya har da riƙe ciki. Shi ne Dottor Pancrazi, daraktan finafinan barkwanci. Ba likita ba ne, amma a garin nan duk wanda zai iya korarka daga aiki Dottore ne. Ya ce ta zo gobe.

Ta zo. Aka ɗaura mata gyalen 'yar aiki, aka miƙa mata takarda. Ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, don ajinta biyu a makaranta. Aka karanta mata, ta maimaita da harshensu na kan dutse, wanda ko mutanen ƙauyen gaba sai sun kasa kunne. Kowa ya kalli kowa.

"Me ta ce?" in ji Pancrazi.

"Allah kaɗai ya sani, Dottore."

"Ba komai. Sora Clorinda, manta da takarda. Kalli mutumin nan kamar shi ya cinye miki gado, ki ƙirga min daga talatin da ɗaya zuwa arba'in."

Haka ake aikin a lokacin. Ba a kama murya a wurin ɗauka, kafintoci na buga ƙusa, darakta na ihu, wani na cin burodi a bayan kyamara. Baki dai ya motsa. Daga baya, a wani ɗaki can, waɗansu mutane su ɗora magana a kan hoton. Clorinda ta ƙirga, kuma tunda ake ƙirge ba a taɓa ganin wadda ta zagi mutum da talatin da bakwai irin yadda ta yi ba.

Ta zama gwanar abin. Tana da lambobinta na fushi, da na gulma, da na kukan ƙarya. Arba'in da huɗu na wage baki ne a yi masifa. Sittin da shida na raɗa ne a kunnen maƙwabciya. In ta ce tamanin da takwas tana kaɗa yatsa, masu riƙe fitila kan juya baya saboda dariya. Ta yi 'yar aiki, ta yi mai gadin gidan haya, ta yi suruka, ta yi mai kifi, ta sake yin 'yar aiki. An jefa ta cikin kwarmin ruwa a tsakiyar hunturu har sau tara a yini ɗaya. An kifa mata kwanon taliya a ka sau nawa, ita ma ta daina lissafi. Kyawawan 'yan matan da take riƙe wa riga a fim sun zo sun wuce, ita tana nan.

Muryar da ƙasa ta san ta da ita kuwa ta Signora Velia Marchionni ce, wata siririya mai safar hannu, 'yar alƙali, wadda ba ta taɓa sayen kifi da kanta ba. Amma in ta tsaya gaban makirufo sai ka rantse a gindin teburin kasuwa aka haife ta. Abin haushin, in mutane suka tare Clorinda a titi ta buɗe baki ta gaishe su, sai su ce, "Ayya, mura kike yi?"

Duk Lahadi da la'asar takan ja hannun Oreste su tafi silima. In ta fito a majigi sai ta matsa masa hannu, ya miƙe wuya ya kasa kunne, jama'a su yi dariya shi ma ya yi. In sun fito ya ce, "Matar nan ta iya masifa, Clori. Allah ya so ni ba ita na aura ba." Ta kai masa duka a kafaɗa. Shekara da shekaru wasa ne a tsakaninsu, ita ma wasa ta ɗauke shi.

Sai zamani ya juya. Aka koma finafinan 'yan bindiga a kan doki, su kuwa ba su da suruka ba su da mai gadi. Wayar da ke shagon gahawa na ƙasan gidansu ta daina neman Sora Clorinda. A shekarar ne kuma tari ya kama Oreste, ya ƙi saki. Likita ya ja ta gefe a barandar asibiti ya ce huhun ya gama ci, in ya ga girbin inabi to an gode Allah. Ta ce ya maimaita, ya maimaita.

Ba ta faɗa wa Oreste ba, ba ta kuma bukaci faɗa ba. Wata rana tana ba shi romo ya ture cokalin.

"Clori, kin san abin da ke ci min rai?"

"Sha romonka."

"Kowa a garin nan ya ga matata a fim. Mai aski ya gani, fadan coci ya gani, har karen mai nama ina jin ya gani. Ni da na aure ki, shekara goma sha tara ina zama a silima ina sauraron matar wani. Ko sau ɗaya ban ji ki ba. Sau ɗaya tak."

Ba da wasa ya faɗa ba wannan karon. Ta ji abin ya soke ta har ƙahon zuci. Dama makon da ya wuce Pancrazi ya tuna da ita, ta yi aikin yini ɗaya a wani fim, mai gadin gida tana wankin matakala. Bakinta ya riga hankalinta.

"A wannan za ka ji ni. An riga an gama magana."

Ba a gama komai ba, ba a ma fara ba. Kwana uku tana zaman benci a ofishinsa, sakatariya na cewa Dottore ya fita, Dottore na taro, Dottore bai zo ba, alhali ga hayaƙin sigarinsa na fitowa ta ƙasan ƙofa. Ran na huɗu ta bi sawunsa har gidan abincin da yake cin na rana. Ta same shi da adiko a wuya, ya tasa farantin taliya.

"Dottore, ka jefa ni a ruwa, ka kifa min abinci a ka, ka sa jaki ya ja ni a ƙasa, ban taɓa ce maka don me ba. Yau roƙo na zo yi."

"Sora Clori, zauna mana. In babban matsayi kike so kin makara, ni kaina doki ake so in koya."

"Muryata nake so."

"Me ya same ta? Ga ta nan, har a titi ana jin ki."

"A fim ɗin nan. Magana ɗaya ce tak. Ka bar ni in faɗa da bakina."

Ya aje cokali mai yatsu ya goge baki. "Ke kuwa me ya kai ki? Mutane sun saba da muryarki. In kika yi da kanki cewa za su yi an canja miki murya."

Ta gaya masa zancen Oreste. Ya sunkuyar da kai, ya ce assha, ya ce ɗakin ɗora murya ba nasa ba ne, ya ce lokaci ya ƙure, ya ce abubuwa da yawa. Ita dai ta ga maganar na zillewa. Sai ta zube a kan gwiwoyinta nan tsakiyar gidan abinci, mace mai shekara hamsin da biyar, ta kama ƙafar wandonsa tana kuka.

Ka san me mutanen wurin suka yi? Dariya. Wallahi dariya suka yi. Sun gane fuskar, suka ɗauka fim ake yi, wasu na waige-waige suna neman inda aka ɓoye kyamara, wani ma ya tafa. Tana kuka da gaske, hancin nan ya yi ja, su kuwa kamar su faɗo daga kujera. Ban taɓa jin haushin mutanen garinmu irin na ranar ba. Pancrazi dai kunya ta kama shi, ya ɗago ta ya ce, "Awa ɗaya. Ran Juma'a da safe. Tashi don Allah, kin tara min jama'a."

Maganar ba ta da wuya. Mai gadi ta gama wanke matakala, wani attajiri ya ɗaga ƙafa zai hau, ta ɗaga tsumma ta ce: "Duk wanda ya taka min matakalar nan, na rantse, da gashin bakinsa zan sake goge ta!" Clorinda ta haddace ta a taragon cikin gari, ta haddace ta a layin burodi, ta faɗa wa kanta ita sau ɗari a banɗaki da famfo a buɗe.

Ɗakin ɗora murya duhu ne, ba taga. Majigi a gaba, makirufo a tsaye, mai na'ura a bayan gilashi. Guntun fim ɗin an haɗa bakinsa da gindinsa, yana ta zagayawa, hoton ya wuce ya dawo, ya wuce ya dawo. Can baya a kan kujera Signora Velia na zaune da jakarta a cinya, ta zo wani aikin tana jiran a gama.

"In jar fitila ta kama, ki bi bakinki kawai," in ji Pancrazi.

Jar fitila ta kama. Ga ta nan a majigi, ƙatuwa, da tsumma a hannu. Bakin ya buɗe. Clorinda ta ja numfashi ta ce da iyakar ƙarfinta:

"Arba'in da huɗu! Arba'in da biyar! Arba'in da shida!"

Mai na'ura ya kife a kan teburinsa.

"A'a, Sora Clori, maganar. Maganar za ki faɗa."

"Na sani, Dottore. Yi haƙuri. A sake."

Aka sake. Ta fara daidai, "Duk wanda ya taka," sai idonta ya sauka a kan leɓɓan nan, ta ga abin da suke faɗa da gaske, harshenta ya bi su, "arba'in da shida, arba'in da bakwai." An ce ta bi bakinta, bakin kuwa lamba yake ƙirgawa, shekara goma sha tara abin da aka koya masa ke nan. Aka ce ta rufe ido. Da ido a rufe maganar ta fito tsaf, amma ta gama tun bakin majigi bai kai rabi ba. Aka ce ta rage sauri, ta wuce shi. Pancrazi ya tsaya a bayanta yana taɓa mata kafaɗa lokacin farawa, ta zabura ta ce arba'in. Gumi ya jiƙa mata riga. Tun ana dariya har aka daina, kuma shirun ya fi dariyar ciwo. A karo na ashirin da uku muryar ta shaƙe, ta buɗe baki ba abin da ya fito.

Pancrazi ya dubi agogo. Waɗansu na jira a ƙofa. Ya dafa ta ya ce, "Kin yi ƙoƙari. Ba aikinki ba ne, shi ke nan. Ran Alhamis Velia za ta yi abinta."

Ta hau matakalar gidansu tana tsayawa a kowane hawa. Tun kafin ta rufe ƙofa Oreste ya ɗago daga matashi.

"Yaya? An yi?"

Ta dubi fuskar nan da ta zama ƙashi da fata, ya juyo da kunnensa wajenta yana jira.

"An yi," in ji ta. "Sau ɗaya na faɗa suka ce ya isa."

"Na sani! Ai na gaya wa mai aski."

Washegari da safe ta hau tarago biyu zuwa unguwar masu hali, ta ƙwanƙwasa ƙofar Signora Velia. Gidan ƙamshin man goge katako yake, littattafai har rufi. Clorinda ta ƙi zama.

"Signora, ke kin gani da idonki jiya. Ni kuma na je gida na yi wa mai mutuwa ƙarya. Shekara goma sha tara kina ara min muryarki. Yau tawa na kawo miki. Ki ɗauka, ki shiga ɗakin nan ran Alhamis ki yi magana da ita."

Velia ta daɗe tana kallonta. "Makaho ne fa, Signora Sciarretta. Kunnensa ya fi na mai na'ura. Shekara talatin yana jin ki."

"To ki fi kunnensa. An ce babu kamarki. Ko ƙarya ake?"

Velia ta cire safar hannunta ta aje. "Zauna. Ba ni labarin garinku. Ki yi magana yadda kike yi da shi, ba yadda kike yi da ni ba."

Kwana biyar suna abu ɗaya. Clorinda kan bar Oreste a hannun maƙwabciya ta ce ta tafi neman magani. Ta yi zancen awakin uwarta, ta yi zagi, ta yi addu'a, ta kira kaji, ta kwaikwayi yadda take tashin Oreste da safe. Velia na zaune ido a rufe, leɓɓanta na motsi. Ta kama yadda mutanen dutse ke haɗiye ƙarshen kalma. Ta kama ɗan fito da ke fita ta gurbin haƙorin da Clorinda ta rasa. Ta kama har numfashin da take ja ta hanci kafin ta yi rantsuwa. Ran na biyar Clorinda na kicin tana shan ruwa sai ta ji kanta tana kiran kanta daga falo. Kofin ya kusa suɓuce mata.

Ran Alhamis Velia ta ɗora maganar da muryar Clorinda, Pancrazi kuwa bai yi gardama ba. Cewa ya yi ma haka ya fi ban dariya, me ya sa ba a yi tunaninsa tun da ba.

Fim bai fito ba sai bayan wata uku, kuma wata ukun nan Clorinda ba ta san yadda ta yi su ba. Kullum da safe sai ta sa kunne a ƙirjinsa. Ta kunna kyandir a coci har fada ya fara yi mata kallon tausayi. Oreste kuwa ya kafe, ya ƙi tafiya. In tari ya sake shi sai ya ce, "An liƙa takardar tallan fim ɗin a bango?" Aka girbe inabi, aka matse, yana nan.

Ranar da fim ya iso silimar unguwa, maza biyu suka sauko da shi daga hawa na huɗu a kan kujera, an lulluɓe shi da bargo, suka kai shi nunin la'asar. Rabin unguwa ta biyo su. Clorinda ta zauna kusa da shi. Tsoro take kar ya gane. Can ƙasan ranta kuma, inda ba ta son dubawa, akwai wani abu da ke cewa ai zai gane, dole ya gane, mijinta ne.

Aka yi minti arba'in. Ga matakala, ga bokiti, ga attajiri ya ɗaga ƙafa.

"Duk wanda ya taka min matakalar nan, na rantse da gashin bakinsa zan sake goge ta!"

Silima ta ɗauka da dariya gaba ɗaya. Oreste ya zabura har bargon ya zame, ya lalubo ta da hannu biyu.

"Clori! Ke ce! Wallahi ke ce! Ku ji matata, jama'a, ku ji ta!" Yana dariya yana tari, hawaye na gangarowa daga idanun nan da suka mutu tun yaƙi. "Har ɗan fiton haƙorin! Ke ce ko?"

"Ni ce," in ji ta.

Abin da ta roƙa ta samu, amma ji ta yi kamar an kwashe kayan ɗakinta tana zaune a ciki.

Da aka mayar da shi gida aka kwantar, mutane suka watse, ya kamo bakin rigarta. Fuskarsa ta yi haske irin wanda ta manta.

"Sake faɗa min. Nan, kusa da kunnena."

Ta sunkuya ta faɗa masa, da bakinta, da muryar da uwarta ta haife ta da ita.

Ya ɗan yamutsa fuska.

"A'a. Ba haka kika faɗa ba. Na fim ɗin ya fi kama da ke. Sake."

Ta sake. Ya girgiza kai. Ta sake, ya ce ta gaji ne, ta bari sai gobe.

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Kullum da la'asar Sora Clorinda kan ja gyale ta rufe fuska, ta shiga silima ta zauna a layin ƙarshe, ta jira minti arba'in, ta saurari yadda Velia ta faɗa, inda ta ja, inda ta sauke, ta fito tana maimaitawa a hanya. Ta hau hawa huɗu ta gwada masa. Ya ce ta kusa. Washegari ya ce saura kaɗan.

Ran na tara ta durƙusa a bakin gadon ta faɗa, ta kwaikwayi matar da ta kwaikwaye ta, ba ta bar ko numfashi ɗaya ba. Oreste ya saki ajiyar zuciya, ya shafa mata kai.

"Yauwa," in ji shi. "Yanzu na ji matata."